Yadda Ake Auna Ciwon Kafaɗar Mai Jifa Daga Bakinsa

Duk wanda ya taɓa zuwa dubiya ya san amsar da zai ji tun kafin ya cire takalmi. Ka ce wa mara lafiya "ya jiki?", ya ce "da sauƙi", ko da daren jiya bai runtsa ba. Tarbiyyarmu ce, kuma a gaisuwa ba ta da laifi. Amma ni da sana'ata gashin ƙashi ce a wani babban asibiti na ƙaramar hukuma a Jigawa, wannan amsa ta sha kai ni ta baro, musamman a wurin samari 'yan wasa.

Na tuna wani ɗan aji biyar da malamin wasanninsu ya kawo min cikin hunturu, ana saura 'yan makonni gasar gida-gida ta makarantarsu. Mashi yake jifa. Na ce ya ɗaga hannu, ya ɗaga har kunne. Ya cire riga ya mayar bai ko yamutsa fuska ba. Yana jan guga, yana cin tuwonsa. Na ce, "To ina ciwon yake?" Ya saci kallon malaminsa, ya sunkuyar da kai: "Likita, ai da sauƙi." Na koya masa 'yan motsa jiki na sallame shi. Bayan sati biyu aka dawo da shi yana tallafe da gwiwar hannu. Ashe tun kafin zuwansa na farko ya daina sakin mashin daga saman kafaɗa, ta gefe yake zagayo da hannun don ya kauce wa zogi, nauyin duk ya koma kan gwiwar. Da na tambaye shi ko ya canja salon jifa, da ya faɗa min. Ban tambaya ba, don ba ni da tambayar a gabana.

Abin da ya sa na koma amfani da takardun da majinyaci ke auna kansa da su ke nan. Tambayoyi ne tsayayyu, kullum su ɗin ne, kowace amsa da makinta, a ƙarshe a haɗa a samu lamba ɗaya da za a kwatanta da ta makon jiya. Hoto yana nuna ƙashi, hannun likita yana jin ƙarfin tsoka, amma ko hannu yana yin nauyi a jifa na shida, wannan mai hannun kaɗai ya sani. Malamin wasanni, kocin ƙwallon hannu na unguwa, ko ma'aikacin ƙaramin asibiti, kowa zai iya, in dai yana da biro da rula da littafi.

Kafin a ɗauko biro

Akwai halin da ba a tsayawa tambayoyi. Idan kafaɗa ta goce har siffarta ta canja, ko yaro ya ji wani abu ya ce ƙas a gefen ciki na gwiwar hannunsa lokacin jifa daga nan ya kasa ci gaba, ko ƙaramin yatsa da na kusa da shi sun mutu suna masa kamar ana tsira allura, ko hannun ya kumbura, ya yi sanyi, ya canja launi, ko ciwon ya zo da zazzaɓi, to mota za a nema. Daga yankinmu galibi Asibitin Ƙashi na Dala ake nufa, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, mutanen wajen Birnin Kudu kuma suna da asibitin tarayya a kusa.

Ka tambaya ko yaron mai sikila ne. Cutar tana iya toshe jinin da ke ciyar da kan ƙashin kafaɗa, kuma wannan sai hoto zai nuna. Haka yaron da bai gama tsawo ba, irin ɗan shekara 12 zuwa 15, da ke kukan saman damtse duk lokacin da ya yi jifa. Ta wurin nan ƙashin yake girma, bai gama ƙwari ba, don haka ya ajiye jifan har likita ya gan shi.

Na san da yawa sai sun biya ta wurin mai ɗori. Ba zan tsaya wannan gardamar ba a nan. Roƙona kawai a faɗa, domin kafaɗar da ta yi sati uku a ɗaure makinta zai faɗi saboda ɗaurin kansa, ban da ciwon asali.

Wace takarda za ka ɗauka

A nan mutane suka fi yin kuskure, don haka zan ɗan daɗe.

Wadda aka fi sani ita ce DASH, mai auna nakasun hannu da kafaɗa gaba ɗaya. Ta fito a 1996, aikin wata cibiyar binciken lafiyar ma'aikata da ke Toronto a Kanada tare da ƙungiyar likitocin ƙashi ta Amurka. Tambaya 30 ce, duk a kan sati ɗayan da ya wuce. A 2005 aka fitar da ƙanwarta, QuickDASH, mai tambaya 11: buɗe murfin kwalba mai tauri, aikin gida mai nauyi, ɗaukar jaka, cuɗa baya, yanka da wuƙa, zogi, barci da makamantansu. Takardu ne masu kyau, amma don rayuwar yau da kullum aka yi su. Yaron da na ba da labarinsa da ya cika su da ya fito kamar lafiyarsa lau, tunda yana cuɗa bayansa yana barcinsa. Babbar kuma tana da tambayoyin da ba su dace da ƙauye ba, irin busar da gashi da na'ura, har da wata a kan kwanciyar aure wadda ba za ka karanta wa ɗan makaranta ba. Idan za ka yi amfani da ɗayansu, ɗauki ƙaramar, ka haɗa da ƙarin tambayoyi 4 na wasanni da ke zuwa tare da ita.

Wadda aka yi musamman don masu jifa ita ce KJOC, ta asibitin Kerlan-Jobe da ke Los Anjeles, an wallafa ta a 2010. Ɗaya daga cikin masu sunan asibitin, Dokta Frank Jobe, shi ne ya yi wa Tommy John, ɗan wasan besbol (wasan Amurkawa ne da ake jifan ƙwallo da ƙarfi a buge ta da sanda), tiyatar jijiyar gefen ciki na gwiwar hannu a 1974, aikin da har yau ake kira da sunan ɗan wasan. Kada kalmar besbol ta sa ka ce abin bai shafe mu ba. Raunin wannan jijiyar, a kan masu jifan mashi aka fara rubuta shi tun 1946. Duk wanda ke kai hannu bayan kai ya sako shi da ƙarfi, ɗan ƙwallon hannu ne, mai bugun ƙwallon raga ne, ko gola mai jefa ƙwallo har tsakiyar fili, gaɓoɓin nan ne ke shan wahala.

KJOC tambaya 10 ce. Tana so ta ji yadda hannun ke wahalar sakewa kafin wasa, yawan zogi, rashin ƙarfi ko saurin gajiya, da ko gaɓar tana ji kamar za ta zame. Ta biyar tana tambayar yadda ciwon ya taɓa tsakaninsa da masu horar da shi. Ta shida ita ce wadda ta kuɓuce min: ko ya canja salon jifa saboda hannun. Sauran huɗun a kan ƙarfin jifa ne, da juriya, da saiti, da kuma yadda hannun ke hana shi kai matsayin da ya san zai iya kaiwa.

Akwai wata mai suna FAST ta 2017, tambaya 22, wadda ta shiga har damuwar zuciya da tsoron rasa ci gaba a wasa. Tana da kyau, sai dai ta yi tsawo ga wanda zai fassara da baki a gindin bishiya.

Biyu na ƙarshe su suka fi zama da mu. Ɗaya tambaya ce tilo, SANE, wadda ta fito a 1999: cikin ɗari, nawa kafaɗarka ta kai idan aka kwatanta da lafiyayya? Ɗayar kuma PSFS ce, ta 1995 daga Kanada, inda majinyaci da kansa yake zaɓar ayyukan da ciwon ya hana shi, ya ba kowanne maki daga 0, ba ya iyawa sam, zuwa 10, kamar yadda yake yi kafin ciwo. Ba ta buƙatar fassara, domin ayyukan nasa ne. Yaro zai ce jifa da gudu, jan guga, ɗora buhu kan amalanke.

Ni abin da nake yi: KJOC da PSFS da tambayar ɗari ga kowane mai jifa. QuickDASH sai ciwon ya kai ga hana barci ko sa riga.

Zaman tambaya

Fara da raba yaron da malaminsa da mahaifinsa. Ka ce, "Malam, a ɗan ba mu minti goma," ko "Baba, ku ɗan huta a inuwa." Wanda yake tsoron a cire shi daga gasa ba zai faɗi gaskiya a gaban mai cirewar ba, kuma babu yadda za a yi ya amsa tambaya ta biyar koci yana tsaye a kansa. Idan kai ne kocin, ba wani malamin takardar ya yi tambayar. Idan 'yar wasa ce, malama ta zauna da ita.

Ka gaya masa gaskiyar abin da za a yi da amsoshin. Kada ka yi alkawarin ba za a hana shi wasa ba, tunda ana iya hanawa. Ka ce masa dai takardar ita kaɗai ba ta yanke hukunci, kuma wanda ya faɗi da wuri ya fi saurin dawowa.

Sannan ka tambaya ko ya sha magani yau. Yara da yawa suna biyawa kemis su haɗiyi maganin zogi kafin atisaye, wasu har allura. Makin da aka ɗauka a kan magani na maganin ne. Ka rubuta sunansa da lokacin da ya sha, gaba kuma ku yi zaman da safe kafin ya sha komai.

Takardun da Turanci suke zuwa, kuma ana samunsu a intanet. Ka zauna sau ɗaya ka rubuta Hausar kowace tambaya a bangon littafinka, daga nan kullum ita za ka karanta, kalma da kalma. Idan yau ka ce "zogi", jibi ka ce "ciwo", gata ka ce "tsami", abubuwa uku ka auna. Ka sani kuma fassarar da ka yi da hannunka ta isa ka kwatanta yaro da kansa daga wata zuwa wata, amma ba ta isa ka jera makinsa da na ɗan wasan Amurka ba. Ka guji sa masa magana a baki. "Ai ya yi sauƙi ko?" amsarta ɗaya ce a ƙasar nan.

KJOC da layi ake amsa ta. Ƙarƙashin kowace tambaya akwai layi mai tsawon santimita 10, ƙarshen hagu mafi muni, na dama lafiya lau, yaro ya ja ɗan tsinke a inda yake ganin yake. Ka auna layin da rula kafin ka fara, domin injin fotokwafi yakan rage girman takarda, sai ka tarar da layin ya koma 9 da 'yan kai, duk lissafinka ya karkace. Ni da hannu nake ja, ya fi min kwanciyar hankali. Wanda layin bai shige shi ba, zuba masa gyaɗa goma ka ce goman nan hannu mai lafiya ne, ya ware adadin da yake ganin nasa hannun ya kai. Wanda aka fara da gyaɗa a ci gaba da gyaɗa har ya warke.

Tambayar ɗari kuwa da kuɗi nake yin ta. Nakan ce, "Idan kafaɗar da ba ta taɓa ciwo ba naira ɗari ce, taka nawa za ta yi a kasuwa yau?" Yawanci sai sun yi dariya tukuna, sannan wani ya ce, "Saba'in, Likita, shi ma don kai ne." Yaron da minti biyu da suka wuce ya ce da sauƙi, ga shi ya rage wa hannunsa talatin da bakinsa.

Lissafi

Na KJOC ba shi da wuya. Ɗora rula daga ƙarshen hagu zuwa tsinken. Idan ya tsaya a santimita 6.4, makin tambayar 6.4 ne. Haɗa goman, jimla ba ta wuce 100, kuma yawan maki lafiya ne. Binciken da aka yi kan ƙwararrun masu jifa na besbol marasa ciwo ya nuna matsakaicin makinsu ya haura 90, don haka mai 75 da ke cewa lafiyarsa ƙalau akwai abin da bai faɗa ba.

QuickDASH kowace amsa daga 1 zuwa 5 take. Haɗa amsoshin, raba da yawan tambayoyin da aka amsa, cire 1, ninka da 25. Misali jimla ta zo 14 a tambaya 11: 14 a raba 11 ya ba da 1.27, a cire 1 saura 0.27, a ninka da 25 ya kusa 7. Dole a amsa aƙalla 10 cikin 11, a babbar DASH kuma 27 cikin 30, in ba haka ba babu maki. Tambayoyi 4 na wasanni lissafinsu daban ake yi da wannan hanyar, ba a cakuɗa su da sauran.

Ga tarkon: a DASH da QuickDASH da FAST yawan maki ciwo ne, 0 shi ne lafiya. A KJOC da SANE da PSFS akasin haka ne. Na taɓa taya wani murna a kan makin da ya hau, ashe na QuickDASH nake kallo. Tun ranar nake zana kibiya a saman kowane shafi, mai nuna inda lafiya take.

PSFS matsakaici ake ɗauka. Jifa da gudu 3, jan guga 8, ɗora buhu 6, jimla 17, a raba 3 ya zama 5.7. Ka ajiye makin kowane aiki daban, don a nan labarin yake.

Littafi, da yawan maimaitawa

Littafin rubutu na 'yan makaranta ya isa, shafi ɗaya ga kowane ɗan wasa. Kwanan wata, hannun da yake jifa da shi, magani, makunan, sai wani gida da babu shi a takardun Turawa: aikin da ya yi a satin. Yaron ƙauye ba wasa kaɗai yake yi da kafaɗarsa ba. Wanda ya kwana uku yana noma da fartanya, ko yana casar gero, ko yana lodin buhunan riɗi bayan girbi, makinsa zai sauka ko bai taɓa mashi ba. Cikin azumi tambayar gajiya da ta juriya sukan faɗi. Cikin hunturu tambayar farko, ta sakewar hannu, takan faɗi ga kusan kowa. Idan ba ka rubuta waɗannan ba, za ka ɗora wa jifa laifin gona.

Mafi amfanin awo shi ne wanda aka yi tun babu ciwo. A farkon zangon da za a yi gasa, ka zaunar da duk masu jifa su cika KJOC. Minti biyar ne kowanne. Ranar da ɗaya ya ji ciwo kana da makinsa na asali, ka san inda kake son mayar da shi. A nan ma ake kama waɗanda suka daɗe suna ɓoyewa.

Bayan rauni, duk sati biyu ya wadatar. Kullum a auna, yaro zai haddace amsoshinsa. Kada kuma ka nuna masa makin baya kafin ya amsa na yau.

Karanta canjin

Ba kowane motsin lamba ne sauƙi ba. A ma'aunin zogi na 0 zuwa 10, sai canji ya kai maki 2 ake ɗaukarsa da gaske. A PSFS maki 2 a matsakaici, ko 3 a aiki guda. A DASH wajen maki 10. A QuickDASH bincike ya bambanta, daga wajen 8 zuwa wajen 16, don haka abin da bai kai 8 ba kada ka gina komai a kansa.

Jimla tana ɓoye abubuwa, ka riƙa bin tambayoyin ɗaya bayan ɗaya. Idan zogi ya ragu amma tambayar salon jifa tana nan a 4, hannun bai warke ba, yaron ne ya koyi kaucewa, kuma gwiwa ko baya ne za su biya. Idan tambayar zamewar gaɓa ce a ƙasa, wannan na likitan ƙashi ne ko da sauran sun yi kyau. Idan komai ya hau ban da ta biyar da ta goma, sau da yawa tsoro ne ya rage, ko wata magana da koci ya faɗa masa a gaban 'yan uwansa, kuma wannan zama yake so da hira. Idan kuma maki ya tashi daga 60 zuwa 98 ana saura kwana huɗu gasa, ka sa shi ya ɗaga hannun ka danna, ka kalli fuskarsa. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a irin wannan ranar ido da mudun duka ake bukata.

Komawa fili

Idan zogin zaune da na dare sun tafi, hannun yana kai ko'ina kamar ɗan uwansa, ƙarfinsa ya dawo, makin ayyukan gida a PSFS ya kai 9 ko 10, sai a fara jifa daki-daki. Ƙwallo mara nauyi tukuna, a tsaye, tazarar taku goma, rabin ƙarfi. Rana ɗaya jifa, rana ɗaya hutu. Daga nan a ƙara nisa, sannan taku uku kafin saki, sannan gudu cikakke, ƙarfin ƙarshe shi ne na ƙarshen zuwa. Kada a ƙara nisa da ƙarfi a rana ɗaya.

Ka duba kayan jifan ma. Mashin manya maza giram 800 ne, na mata 600. Dalmar maza kilo 7.26, ta mata kilo 4. Yara suna da nasu marasa nauyi, amma na sha zuwa makarantar da dalma ɗaya tak ce a sito, ta manya, ɗan aji biyu da ɗan aji shida duk ita suke ɗaga wa. Yaron da ke dawowa daga rauni kada ya fara da ita.

Washegarin kowane jifa, da safe, tambaya ɗaya: zogi daga 0 zuwa 10. Idan ya hau da maki 2, ko tsamin jiya bai sake shi ba, a huta kwana biyu a koma matakin baya. Gasa sai KJOC ta dawo kusa da makinsa na farkon zango, tambayar salon jifa kuma ta koma inda take. Wanda ba a auna tun farko ba, ni nakan jira ya kusa 90.

Idan an yi sati shida ana hutu da motsa jiki makunan ba su gusa ba, ko suna ƙara sauka, kwafe shafinsa gaba ɗaya a farar takarda, har da gidan magani da na aikin gona, ka rubuta a ƙasa wace lamba ce yawanta lafiya, wace ce yawanta ciwo. Ka ba mahaifinsa ya sa a aljihu, su miƙa wa likita a Dala kafin ya kai ga tambayar "ya jiki?"